Sawun da Ke Kunnen Hagu

Ranar Litinin da hantsi Auta ta gano an sace mata waƙoƙinta guda tara. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗauki ko tsinke a ɗakinta ba. Zama ta yi za ta ɗora su a shafin da take sayar da waƙoƙinta, bayan shekara uku tana fama da su, sai shafin ya dawo mata da su da jan rubutu, wai waɗannan waƙoƙi suna da mai su. Ta ɗauka kuskure ne, ta sake ɗorawa. Ta ƙara sakewa. A na ukun aka rufe mata shafin ɗungurungum, aka ce ta kawo shaidar cewa nata ne kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis, in ba haka ba magana ta ƙare.

Ni aka kira. Mai Sawu ake ce mini. Shekara ashirin na yi ina sayar da kaset, kaset ya mutu na koma faifai, faifai ya mutu na koma tura wa mutane waƙa a waya, wannan ma ya bi 'yan'uwansa. Abin da ya rage mini kunne ne da baƙin naci. Idan aka sace wa ƙaramin mawaƙi waƙa, ni nake bin ta daga waya zuwa waya har in kai hannun da ta fara fita. Ba sana'ar arziki ba ce, kuma ba ta sa mutane su so ka.

Na tarar da gidan hayar ya cika da alƙalai. Matan hawa na biyu sun tare matakala, kowace da hukuncinta a baki.

"Mai Situdiyo ne! Mutumin da ba ya kallon idon mutane?"

"Ke dai bari. 'Yar Amshinta ce. Ai har nan muka jiyo faɗansu wancan watan."

Telan da ke ƙasa ya leƙo da almakashi a hannu, ya ce shi tun farko bai yarda da cinikin abin da ba a riƙewa a hannu ba. Na ce masa ya koma ya ƙarasa wandon mutane. Matan kuma na ce su ba ni hanya ko in bi ta kansu.

Ɗakin Auta ɗaya ne tal. Katifa, ƙaramin piyano mai lantarki da maɓallansa biyu suka mutu, da kwalayen ƙwai manne a bango don kada sauti ya dami maƙwabta. Mahaifiyarta, wadda duk gidan ke ce wa Mama, tana bakin katifa riƙe da kofin ruwan ɗumi.

"Kawu, ka zo," in ji Auta. Ba mu haɗa jini ba, amma tun tana ƙarama tana zuwa shagona sayen kaset haka take kira na. Muryar da ta fito ta tsorata ni. Ta dushe ƙwarai, kamar ana jan tabarma a kan siminti.

"Me ya sami maƙogwaronki?"

"Ranar Asabar za a yi mini aiki. Likita ya ce magana za ta dawo. Waƙa kuwa ya ce kada in sa rai." Ta kurɓi ruwan. "Waɗannan taran su ne na ƙarshe, Kawu. Ba cinikinsu ne ya dame ni ba. Sunana nake so a kansu."

Ta miƙo mini waya. Ga su nan tara a jere, mako biyu da ɗorawa, ƙarƙashin sunan wata mace da ba zan ɓata bakina da shi ba, da hoton wata ta juya baya. Na sa abin kunne na saurara. Muryar Auta ce, ta lokacin da take da ita, har tsigar jikina ta tashi. Sai dai kunnena na hagu ya fi jin ƙara, gangar kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ja tsaki na ce abin kunnen nan ma ya fara mutuwa.

"Su wa ke da su?" na tambaya.

"Ni, da Mai Situdiyo, da 'Yar Amshi. Shi ke nan."

Muna cikin haka yayanta ya shigo. Direban tasi ne, ƙato mai sanyin magana, kowa Yaya yake ce masa. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, piyanon ma shi ya saya. Ya ce ya ajiye aiki, duk inda zan je shi zai kai ni. A hanya shirun ya ishe ni, na ce ya kunna mana wani abu. Ya ce rediyon motar ya lalace.

* * *

'Yar Amshi tana aiki a shagon gyaran gashi. Na same ta da kan wata mata a hannu, tana gani na ta watsar da matajin.

"Na san za ka zo. Tun safe ake nuna ni da baki a layin nan."

"An ce kun yi faɗa."

"Mun yi! Ƙarya zan yi maka? Shekara uku ina mata amshi, wani lokaci da yunwa a cikina, da aka zo rubuta suna sai ta ce nawa a ƙasa zai zauna da ƙananan baƙaƙe. Na ce mata Allah ya isa, na buga mata ƙofa. Sai me?"

"Sai waƙoƙin suka fito da sunan wata."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Haba Baba, ka dube ni da kyau. In ni na sata, sunan wata fatalwa zan sa? Ai nawa zan rubuta da manyan baƙaƙe, in ɗora hotona gaba-gaɗi har da janbaki."

Matar da ake yi wa gashi ta ce wannan gaskiya ne. Na ce ba da ita nake ba.

'Yar Amshi ta cillo mini wayarta ta ce in bincika har cikin hanjinta. Na buɗe waƙar farko, na sa abin kunnen nan dai da na zaga ɗazu. Murya ta zauna daram a tsakiyar kaina, hagu da dama daidai, gangar tana dukan ƙirji yadda ya kamata. Na koma kan ta ɓarawon. Kunnen hagu ya sake rinjaya, gangar ta rame. Ashe abin kunnena lafiyarsa ƙalau. Waƙa ɗaya ce, amma haɗin sauti biyu ne daban, kuma wanda aka sace ba shi ne ke hannun yarinyar nan ba.

Zan fita ta riƙo hannun rigata. "Da gaske ne zancen aikin?" Na ce da gaske ne. Ta koma bayan labule, na jiyo ta tana kuka, matar tana jira da rabin kai a tsefe.

* * *

Situdiyon wani ɗan lungu ne a bayan shagon taya. Mutum biyu in sun shiga, na uku sai ya tsaya a waje. Mai Situdiyo siriri ne, idonsa kullum a kan kwamfuta, kuma matan gidan haya sun yi gaskiya, ba ya kallon mutum.

Abin da na fara nema shi ne ɗanyen aiki, wato murya ita kaɗai da kowane kiɗa shi kaɗai kafin a haɗa su. Wanda ke da wannan shi ne mai waƙa, ko a gaban wa. Da shi a hannu, da a ranar za a mayar wa Auta da kayanta.

"Na goge," ya ce.

"Ka me?"

"Kwamfutar ba ta da wuri, Baba. Duk aikin da na gama na miƙa, bayan mako ɗaya nake gogewa in sa na wani. Haka nake yi wa kowa."

Wallahi da ina da sauran ƙarfi da na ɗaga kujerar na kwaɗa masa. Shekara uku na ran yarinya, ya share don ya sami wurin ajiye tallan maganin sauro. Na zage shi tas, har mai taya ya leƙo. Da na gaji na zauna na kunna masa wadda aka sace.

Na ga fuskarsa ta canza tun kafin murya ta shigo.

"Wannan haɗinka ne?"

"Haɗi ɗaya ne ya fita daga nan, wanda na ba Auta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Me ya sa hagu ya fi ƙara?"

"Shafukan nan suna ɓata sauti," ya ce wa kwamfutarsa.

Ƙarya yake yi, na kuma san ƙarya yake yi. Saboda haka na ɓata ranar Talata gaba ɗaya a kansa. Na bi mawaƙa shida da yake yi wa aiki, babu wanda aka taɓa sace wa ko tari. Na bi lambar wayar da aka buɗe shafin ɓarawon da ita, a kashe. Adireshin ya kai ni wani kango da awaki suka mayar gida. Na dawo da ciwon ƙafa da baƙin ciki, ga Alhamis tana matsowa. Duk wannan yawon Yaya ne ke tuƙa ni, ko ruwa na saya masa ba ya sha.

* * *

Ranar Laraba da safe muna tsaye a danja sai wayarsa ta yi ƙara. Kafin ya kai hannu, kiran ya faɗa cikin rediyon motar da kansa, rediyon da aka ce mini ya lalace. Muryar matarsa ta cika motar tana tambayar ko zai biya ya ɗauko gas. Ya rikice yana danne-danne har ya kashe.

Ni ba maganar gas na ji ba. Abin da na ji shi ne muryar ta fito ta dama da ƙarfi, ta hagu kuwa da ƙyar, kamar mai magana ta cikin filo. Kuma duk lokacin da ta yi ƙasa da murya, ƙofar baya sai ta ɗauki kakkarwa.

Akwai wani abu da duk mai haɗa sauti yake yi, babba da ƙarami. Ba ya yarda aiki ya gamu sai ya fita da shi daga situdiyo ya saurare shi a cikin mota, don a mota yawancin mutane ke jin waƙa. Gwajin mota suke ce masa. Mai Situdiyo kuwa ko keke ba shi da shi.

Na kalli ƙeyar Yaya. Na daɗe ina wannan aiki, na saba murna in na ga sawu ya fito. Ranar ban yi murna ba. Na ji da ma kurma ne ni.

"Yaya," na ce, "juya mu koma gida. Ka biya ta shagon gashi da na taya."

* * *

Ban tara su a ɗaki ba. A cikin tasin na tara su, a tsakar gidan haya, rana tsaka. Yaya a kujerarsa, Auta a gefensa, ni a baya tsakanin 'Yar Amshi da Mai Situdiyo. Mama ta tsaya a bakin tagar Auta. Matan hawa na biyu sun jeru a baranda, tela ya fito da awo a wuya. Na sa aka ɗaga gilasai, ban da na wajen Mama.

"Kunna rediyon," na ce.

"Kawu, ai na ce maka..."

"Kunna."

Ya kunna. Na haɗa wayar 'Yar Amshi, na sa haɗi na gaskiya, wanda Auta ta so ɗorawa. Ganga na sauka ƙofar baya ta hau kakkarwa, muryar ta karkace ta koma dama. Auta ta yamutsa fuska. Na kashe, na sa wadda aka sace.

Sai ga abu ya zauna. Muryar ta tsaya cak a tsakiyar motar, ƙofa ta yi shiru, komai ya hau kan komai. A duk duniya babu inda wannan haɗi yake da daɗi sai a cikin wannan mota. An yanka mata shi ne kamar yadda tela ke yanka riga.

Na juya ga Mai Situdiyo. "Yanzu faɗa musu, ko in faɗa da kaina in ƙara da abin da ba ka yi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Wata biyu da suka wuce ne. Auta tana asibiti ganin likita, na roƙi Yaya ya zo mu yi gwaji. Na ji ƙofa tana rawa, na ɗauka gangar ce ta yi yawa, na koma na rage. Na ji hagu ya yi rauni, na ƙara masa. Sau huɗu ina shiga ina fita har ya yi daidai. Washegari na saurara a situdiyo na ji abin kunya. Sai a lokacin na gane motar ce ke da ciwo, ba waƙar ba. Na mayar da komai yadda yake, ban gaya wa kowa ba." Ya haɗiye yawu. "In aka ji na gyara waƙa don ta dace da fasasshiyar sifika, wa zai ƙara kawo mini aiki?"

"A cikin me ka kawo waƙoƙin cikin motar?"

"Filashi."

"Ina filashin?"

Waƙar tana ta tafiya, da daɗi kamar me, har Yaya ya miƙa hannu ya kashe ta. Ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro ɗan filashi baƙi, ya ajiye a cinyar ƙanwarsa.

"A jikin rediyon ya manta shi," ya ce. Ba ya kallon kowa, gilashin gaba yake yi wa magana. "Na kunna sau ɗaya don in ji, sai na kasa dainawa. Duk wanda ya shiga motar sai in ce masa, ka ji wannan? Ƙanwata ce. Ni na saya mata piyano."

'Yar Amshi ta dafe baki.

"Rannan na ɗauki wani mutum mai tabarau, kamili da shi. Ya saurara har ya share hawaye. Ya ce aikinsa ke nan, fitar da waƙa duniya. Sai na gaya masa zancen likita. Na ce yarinyar nan shekara uku tana gyara, kullum sai ta ce saura kaɗan, ina tsoron a shiga da ita ɗakin aiki ba ta ga ranar ba. Ya ce mu yi mata ba-zata. Ya ce sai dai wani na gida ya sa hannu cewa waƙoƙin nasa ne kuma ya ba da su, wai ƙa'ida ce kawai. Ya kwafe su, ya ɗauki hoton katina, na sa hannu da yatsa a wayarsa."

"Ka karanta abin da ka sa wa hannu?" na tambaya.

"Rubutun ƙanana ne, Kawu, ga shi ana ta yi mini hon a baya." Muryarsa ta karye. "Ko kuɗin mota ban karɓa ba. Har godiya na yi masa. Na yi ta jiran ranar da zan nuna mata, sai ranar Litinin na ji ihunta daga matakala."

Mama ta zame ta zauna a ƙasa, jikin tayar motar. Na jira Auta ta yi kuka, ko ta mare shi, ko ta tsine masa. Da hakan ta yi da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana juya filashin a hannu.

"Yaya," ta ce da wannan dusasshiyar muryar, "wacce waƙa ce ta sa mai tabaraun kuka?"

"Ta bakwai."

"Ni ma ita na fi so."

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta ɗaga Mama, suka hau sama. Matan baranda suka yi ta tambayar wane ne, wane ne.

* * *

Akwai wata lauya da nake kai wa irin wannan matsala, ba ta da wasa kuma ba ta ba mutum ƙaryar fata. Ranar Alhamis da safe ta saurare ni har ƙarshe, ta ce hanya biyu ce. Ta farko ɗanyen aiki, wanda aka goge. Ta biyu Auta ta kai ƙara a rubuce cewa wanda ya sa hannu a takardar ba shi da iko da waƙoƙin, ta ambaci sunansa, a buga hatimi, a tura wa shafin kafin ƙarfe huɗu. Na ce me zai sami mai sa hannun. Ta ce ya yi iƙirarin mallakar abin da ba nasa ba, da katinsa da yatsansa. Mai tabarau ba za a gan shi ba, wanda ke hannu shi za a riƙe. Lasisin tuƙin haya zai fara tafiya, sauran kuma sai yadda alƙali ya gani.

Yaya da kansa ya karɓi takardar ƙarar ya kai wa Auta, har da biro. Ya durƙusa a gaban katifarta, ƙato guda, yana roƙon ta.

"Ki sa hannu, don girman Allah. Ni na yi, ni zan ɗauka."

Ta girgiza kai.

Nan raina ya ɓaci. Na ce mata kwana huɗu ina yawo da tsofaffin ƙafafuna ba don in zo in kalli wannan ba. Na ce ke kika ce mini sunanki kike so, ga sunan nan a bakin biro. Na ce waƙa ba za ta ƙara fitowa daga maƙogwaron nan ba, in kika bar waɗannan, nan da shekara goma babu wanda zai san kin taɓa buɗe baki. Maganganu ne masu zafi, na sani, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Ta bari na gama. "Kawu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma jibi in na farfaɗo, wa zan gani a bakin gado? Wa zai kai Mama asibiti ya dawo da ita? 'Ya'yansa uku in ce musu me, na kai ubanku don a rubuta sunana?" Tari ya sarƙe ta, Mama ta miƙa mata ruwa. "Murya ta riga ta tafi. Ba zan bi ta da Yaya ba."

"To shi ke nan ɓarawo ya ci bulus?"

"Ya ci."

Muka zauna mu huɗu a ɗakin, wayar tana kan piyano. Uku da rabi ta yi. Yaya ya sake tura mata biron, ta ɗauka ta sa a ƙarƙashin cinyarta. Huɗu saura biyar ya fara buga goshinsa da bango, kwalayen ƙwai suna faɗowa, Mama ta riƙe shi tana cewa ya isa, ya isa. Huɗu ta buga. Babu abin da ya yi ƙara, babu saƙon da ya shigo. A ƙasa keken tela yana ta aikinsa.

Na bi sawu har inda ya tsaya, ban kuskure ko taku ɗaya ba, kuma ban taɓa tsanar sana'ata kamar ranar ba.

* * *

An yi aikin, an ce an yi nasara. Kwana goma bayan nan na je duba ta da yamma. Ta rame, wuyanta naɗe da farin bandeji. An hana ta magana sam har mako uku, sai dai ta rubuta. Yaya ya koma aiki, an ce ya cire rediyon motar ya bayar.

Ta yi mini alama in zauna kusa, ta ɗauki wayar Mama, tunda nata shafin an rufe. Ta buɗe inda waƙoƙin suke, ta gangara ƙasa wurin da masu sauraro ke rubuta ra'ayinsu. Ban taɓa leƙa wurin ba. Mutane ne ɗaruruwa. Wani ya ce da waɗannan waƙoƙi ya yi jinyar matarsa. Wata ta ce tun da take ba ta taɓa jin muryar da ta san ciwonta haka ba. Auta tana karantawa tana murmushi, hawaye na bin gefen hancinta. Mafi yawansu kuwa tambaya ɗaya suke yi, yaushe sabuwa za ta fito.

Ta daɗe tana kallon tambayar. Sannan ta rubuta a ƙasa, a hankali, ta nuna mini kafin ta tura: "Babu sabuwa. Mai muryar nan ba za ta ƙara yin waƙa ba. Ta gode muku."

Na ce kada ta tura. Ta tura.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo. Na so in fizge wayar, amma ta riga ni gani.

"Baƙin ciki ne zai kashe ki. Ke wace ce? In kin isa ki buɗe baki ki rera layi ɗaya mu ji."

Ta karanta sau biyu. Ta ajiye wayar a cinya, ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta ja numfashi tun daga ciki yadda mawaƙa ke yi. Na ga leɓɓanta sun rabu.

Mama ta yi wuf ta rufe mata baki da tafin hannu.

"A'a, Auta," ta ce. "Likita ya hana."